Yara masu lalurar otizim a Maradi: da me ya kamata gwamnati ta fara?

Wata uwa, unguwar Zariya

Assalamu alaikum. Ina roƙon iyaye da ma'aikatan lafiya da malaman makaranta na jihar Maradi waɗanda suka taɓa riƙon yaro mai lalurar galahanga, wato otizim, su faɗi abin da suka gani da idonsu, domin mu san abin da za mu nema a wajen hukuma. Ɗana yana da shekara 6. Tun bai daɗe da cika shekara ɗaya ba na lura ba ya waiwayowa idan an kira shi, alhali yana jin ƙarar babur tun daga bakin titi, kuma idan yana son ruwa ba ya nuna randa da yatsa, sai dai ya kama hannuna ya ɗora a kan murfinta. 'Yan kalmomin da ya fara faɗa ma suka ɓace kafin a yaye shi. Ban fasa kai shi awo ba, ana ɗora shi a sikeli, a auna damtsensa, a rubuta a karne, wato littafin awon yaro, amma ba a taɓa tambayata ko yana magana ko yana wasa da yara ba. Sai da ya haura shekara 4 aka gaya mana sunan lalurar a Yamai, tafiyar fiye da kilomita 600, aka ce yana buƙatar mai koyar da magana na tsawon lokaci, mu kuwa ba mu da halin zama a can.

Ma'aikaciyar jinya, gundumar Madarunfa

Wa alaikumus salam, Hajiya. Abin da kika faɗa game da awo haka yake, kuma dalilinsa yana cikin yadda aka tsara aikin. Tun 2006 aka ayyana kula da lafiyar yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta a Nijar, amma abin da aka horar da mu mu nema shi ne abin da ke kashe yaro nan take: zazzaɓin cizon sauro, gudawa, tamowa, ciwon haƙarƙari. Ga kuma wata matsala ta lokaci, domin da zarar an yi wa yaro allurar ƙyanda ta wata 9 iyaye mata da yawa sukan rage zuwa, alamomin otizim kuwa sun fi fitowa fili tsakanin shekara ɗaya da biyu.

Akwai wata takardar tantancewa mai suna M-CHAT-R, mai tambayoyi 20 da ake yi wa iyayen yaro ɗan wata 16 zuwa 30, kuma ba ta buƙatar wata na'ura. Na gwada yin tambayoyin da Hausa, na ga ba za su yi aiki ba sai an gyara su. Akwai wadda ke tambaya ko ƙarar injin shara na lantarki tana tayar wa yaro da hankali, matar ƙauye kuwa injin niƙa ta sani. Wadda ta fi ba ni wahala ita ce ta kiran suna, domin idan yaron ɗan fari ne uwarsa ba ta faɗin sunansa, kuma kunya ba za ta bar ta ta zauna gaban mutane tana bayyana yadda take wasa da shi ba. A irin wannan hali kakarsa ko yarinyar da ke goyonsa ake tambaya, su ne suka san amsa. Saboda haka ni a ganina aikin farko shi ne a daidaita takardar da rayuwarmu, a buɗe mata shafi a karne, a kuma sanya ranar awo ta musamman idan yaro ya kai wata 18.

Wani uba, ɗan kasuwa daga Tasawa

Malama, ki yi mini haƙuri, ban yarda a fara da tantancewa ba. Ni an tantance mini ɗana, an ba ni takarda, daga nan kuma babu inda aka tura ni. Gaya wa mutum sunan lalura ba tare da wurin zuwa ba kamar a nuna wa mai ƙishirwa rijiya ne a hana shi guga. Na ƙetara da shi Katsina da Kano, na samu wata cibiya mai zaman kanta wadda kuɗinta na wata ya fi abin da shagona ke kawowa, na dawo. A tsakani kuwa babu wanda bai karɓi rabonsa ba: mai hayaƙi ya ce iska ce, wani ya ce sammu ne daga cikin gida, har maganar ta kusa raba matana biyu, wani kuma ya sayar mini da ƙwayoyi a kwalba ya ce suna buɗe baki. Daga baya likita ya tabbatar mini cewa babu ƙwayar da ke warkar da otizim, abin da ke taimakawa shi ne koyarwa ta yau da kullum, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninta. To, wa zai koyar? Muna da Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo a nan Maradi. A fara horar da masu koyar da magana da masu kula da tarbiyyar irin waɗannan yara, gwamnati ta ɗauke su aiki, sannan a shiga neman yaran.

Ɗan Maradi mazaunin Amurka

Alhaji, na fahimci zafin da ke cikin maganarka, amma bari in faɗi abin da na gani a nan. Tun 1986 dokar ƙasar nan ta tanadi tallafi ga yaran da ke da jinkirin girma daga haihuwa zuwa shekara 3, kuma binciken farko ba a biyan ko sisi. Likitocin yara sukan yi tambayoyin da Malama ta ambata a wata 18 da wata 24, ta nan aka gano 'yata. Na zaci za a kai ta wani babban gini mai na'urori, sai ga wata mata ta zo gida da jaka, ta zauna a ƙasa, mafi yawan lokacinta kuma uwar yarinyar take koya wa aiki: ta sauko daidai idon yarinyar, ta bi wasan da yarinyar ta zaɓa maimakon ta tilasta mata nata, ta riƙe abin da take so ta ɗan jira har ta nema da sauti ko da hannu. Abin da aka koya a awa ɗaya shi ake maimaitawa wajen wanka da cin abinci duk mako.

Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta taɓa ƙiyasta cewa kimanin yaro 1 cikin 100 yana da wannan lalura, ta tsara irin wannan horo domin ƙasashen da ba su da ƙwararru. Zama 9 ne na rukunin iyaye da ziyarar gida 3, ga yara 'yan shekara 2 zuwa 9, ma'aikacin lafiya na gari da aka horar yana iya gudanar da shi, kuma an gwada shi a Habasha da Kenya. Horar da ƙwararre yana cin shekaru, yaran da ke da shekara 2 a yau ba za su jira shi ba.

Wakiliyar lafiya ta ƙauye, gundumar Gidan Rumji

Mu ne ke shiga gida-gida da damina muna raba maganin rigakafin zazzaɓi ga yara 'yan wata 3 zuwa 59, saboda haka muna ganin yaran da ba a fitowa da su. Na taɓa tarar da wani an ɗaure masa ƙafa da zane a jikin turken rumfa, ba don mugunta ba, uwarsa za ta tafi gona ne, shi kuma yakan fice ya nufi tafki. Zan iya koyon wannan horo. Sai dai a riƙa tunawa cewa duk sabon shiri a kanmu ake ɗora shi, kuma idan ƙungiyar da ta kawo shi ta tafi, alawus ya tsaya, aikin ma ya tsaya. Idan ba a rubuta shi cikin kasafin kuɗin ƙasa ko na magajin gari ba, kada a fara.

Malamin makaranta, Tibiri

Ina goyon bayan maganar ƙarshe da wakiliyar lafiya ta yi. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa tun 2008, don haka ba alfarma ake roƙo ba. Na taɓa samun irin wannan yaro a ajin farko, yana toshe kunnuwansa duk lokacin da aji ya ɗauki karatu da murya ɗaya. Na mayar da shi kusa da ƙofa, na zana masa hotunan abin da za a yi bi da bi, ya ɗan natsu, amma yaro ɗaya cikin cunkoson aji ba zai samu abin da yake buƙata ba, kuma kafin ƙarshen shekara iyayensa suka cire shi.

Ma'aikaciyar jinya, gundumar Madarunfa

Ina so in ƙara abu biyu kafin a rubuta buƙatun. Ba duk yaron da bai yi magana ba ne yake da otizim. A yankinmu sanƙarau da ciwon kunne mai ruwa suna kurmantar da yara, don haka dole gwajin ji ya zo kafin komai, kuma ya shiga cikin abin da ake yi kyauta. Na biyu, wasu daga cikin masu otizim suna da farfaɗiya, ita kuwa tana da magani, ya kamata a same shi a likitar da ta fi kusa da gida. Alhaji, yaronka an taɓa gwada masa ji?