Shin daga masu bautar rana Katolika suka gaji ranar Kirsimeti?

Aminu, Ƙofar Ƙaura:
Jiya gardama ta kaure tsakanina da wani abokin karatuna ɗan ɗarikar Katolika, bayan na ce masa na ji cewa ranar 25 ga Disamba bikin Rumawa masu bautar rana ce. Ina roƙon masana su warware mana, domin ba na son in yi wa addinin wani ƙage.

Malam Bitrus, Malumfashi:
Malam Aminu, gaskiya ne cewa Littafi Mai Tsarki bai faɗi ranar haihuwar Yesu ba. Luka, marubucin ɗaya daga cikin littattafan Linjila, ya ce kawai makiyaya suna kwana a fili suna tsaron garkensu. Shaida mafi daɗewa ta yin bikin a wannan rana daga birnin Rum ta fito, a shekarar 336, kuma Sarkin Rum Aureliyan ya riga ya gina wa gunkin rana haikali a can tun 274, shi ya sa wasu masana tarihi suke ganin aro ne. Wasu kuma sun ce lissafi ne, domin an ɗauka cewa Maryamu ta sami cikin a ranar 25 ga Maris, wata tara kuwa ya kai Disamba. Ibadar Lahadi dai, wadda wasu kan danganta da bautar rana ita ma, ba ta cikin wannan zargi, tunda ayar Littafi Mai Tsarki ta Ayyukan Manzanni 20:7 ta nuna almajirai suna taruwa a ranar farko ta mako, tun kafin Sarkin Rum Kwanstantin ya mai da ita ranar hutu a 321.

Malam Lawal, Daura:
Malam Bitrus, ka yi adalci, amma akwai aron da cocin ba ta ɓoye ba. A 601 Fafaroma Giregori ya rubuta wa masu wa'azi a Ingila cewa kada su rushe ɗakunan gumaka, su kawar da gumakan kawai, su tsarkake ginin su mai da shi coci. Tambayata ita ce, da wace hujja ake riƙe abin da nassi bai ambata ba?

Malam Bitrus:
Allah ya gafarta Malam, ai a nan Katolika da Furotesta suka rabu. Majalisar Tirent, wato taron shugabannin cocin Katolika, a 1546 ta karɓi nassi tare da abin da aka gada daga manzanni, kuma Katolika kan kafa hujja da ayar 2 Tasalonikawa 2:15 ta Littafi Mai Tsarki, inda Manzo Bulus ya ce a riƙe koyarwar da aka karɓa ko da baki ko ta wasiƙa. Mu Furotesta muna cewa nassi ne alƙali, ko da yake, in za a faɗi gaskiya, mu ma a ranar 25 ɗin muke yanka kaji.