Cin tako a shagunan unguwa na 'yan Meksiko: me za a saya, me za a tambaya?

Sabon Ɗalibi, Houston

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Unguwarmu cike take da ƙananan shagunan tako, wato nama da ake zubawa cikin siririyar gurasar masara ko fulawa mai suna tortiya. Shagunan ana kiransu takeriya, wasu a cikin mota, wasu a gefen gidan mai. Abincin yana da araha, ƙamshi kuma yana kiran mutum tun daga nesa, amma allon sunayen duk da Sifaniyanci aka rubuta. Don Allah waɗanda suka saba su bayyana mana: wanne ne naman sa, wanne ne alade, yaya ake yin oda, kuma yaya zafin yajinsu yake?

Baban Hanifa, Los Angeles

Wa alaikumus salam ƙanena. Fara da haddace na alade tukuna. Al pastor shi ne jan naman da za ka gani an jera a tsaye jikin ƙarfe yana juyawa gaban wuta, da abarba a samansa. Ido zai ce maka shawarma ne, kuma daga can ya samo asali, don 'yan Labanan da suka sauka a garin Puebla ne suka kawo wannan salon gashi. Sai dai naman alade ne, jan launin kuma na achiote ne, wasu jajayen 'ya'yan itace da ake niƙawa, da barkonon guajillo. A Tijuana da kudancin Kaliforniya za ka ji ana ce masa adobada. Carnitas alade ne da aka dafa cikin kitsensa a babbar tukunyar tagulla, salon jihar Michoacán. Chorizo da longaniza niƙaƙƙen alade ne da aka ɗura a hanji, chicharrón fatarsa ce, buche kuma tumbinsa. Gringa tana ruɗin mutane da yawa: al pastor ne da cuku cikin tortiyar fulawa.

Na sa kuwa: asada gasasshen nama ne da aka daddatsa, lengua harshe, cabeza naman kai, cachete kunci, tripa hanji. Pollo kaza ce, pescado kifi, camarón jatan lande. Idan ka ga res, sa ake nufi. Puerco ko cerdo alade, chivo akuya, borrego rago.

Wajen oda, ka faɗi adadi da irin naman: dos de asada, uno de lengua. Zai tambaye ka con todo, wato a zuba ɗanyar albasa da silantro, wani ɗanyen ganye mai ƙamshi. Sannan para aquí ko para llevar, a nan za ka ci ko tafiya za ka yi da shi. A Amurka yawanci a kanta ake biya kafin a ba ka lamba. Ka riƙe tsabar kuɗi, don wasu motocin ba sa karɓar kati. A nan Los Angeles hukumar lafiya tana manna harafi a ƙofa, A ko B ko C, ka duba kafin ka shiga.

Hajiya Maman Sadik, Chicago

Baban Hanifa ya yi bayani mai kyau, amma ɗana, sanin sunan nama rabin aiki ne. Inda aka fi zamewa shi ne wajen kitse. Manteca, wato narkakken kitsen alade, shi ne man girkin gargajiya a gidajen abinci da yawa, kuma ba a rubuta shi a allo.

Wake iri uku za ka tarar. Frijoles de la olla shi ne wanda aka dafa da ruwa da albasa da gishiri, shi ya fi tsira, duk da haka wasu kan jefa cokalin manteca a tukunyar. Refritos dafaffen wake ne da aka murƙushe aka soya, kuma a shagunan unguwannin Pilsen da La Villita na nan Chicago da nake sayayya, sau da yawa da manteca ake soya shi. Charros kuwa a fili yake, da yankakken naman alade a ciki. Akwai ma borrachos, wanda ake zuba wa giya. Wannan waken refritos ɗin shi ake shafawa a burodin torta, da kan sope da huarache, wato wainar masara mai kauri, da cikin burrito, babbar tortiyar fulawa da ake naɗewa, ba tare da an tambaye ka ba. Sai ka sayi tortar kaza hankalinka kwance, alhali an shafa mata wake mai kitsen alade.

Tortiya ma iri biyu ce. Ta masara ƙullin masara ce da ruwa, wani lokaci da ɗan gishiri, ba a sa mata kitse. Ta fulawa dole a murza ta da mai, ko manteca ko man kanti. Ta leda ana rubuta abin da ke ciki, wadda ake yi da hannu a shago kuwa sai an tambaya. Tamales, ƙullin masara da ake turarawa a ganye kamar alala, kusan kullum da manteca ake buga ƙullinsu, ko da kaza ce ko cuku a ciki.

Sai ƙarfen suya, plancha. A ƙaramin shago guda ɗaya ne. A gefe chorizo na fitar da jan mai, man yana gangarowa, mai suyar ya dangwala tortiyarka a ciki don ta yi laushi, sannan ya juya asada da cokalin da ya juya chorizo. Ka tsaya minti biyu ka kalli ƙarfen kafin ka yi oda. Idan gefen nama ya yi ja da mai, ka san abin da ake ciki.

Jimloli uku sun wadatar. No como puerco: ba na cin alade. Lleva manteca: akwai kitsen alade a ciki? Puede limpiar la plancha: za ka iya goge ƙarfen? Ka yi tambayar kitse daban, don mutum zai ce maka wake babu alade tsakaninsa da Allah, nama yake nufi, bai lissafa manteca ba. Kuma ka je lokacin da babu layi, kamar ƙarfe 3 na rana. Da tsakar cunkoso babu wanda zai kankare maka ƙarfe.

Malamin Jami'a, Birnin Meksiko

Hajiya Allah ya saka da alheri. Bari in ƙara na nan babban birni. Suadero naman sa ne, siririn yankin da ke tsakanin ciki da cinya, amma ku dubi inda ake dafa shi. Wani faffaɗan kasko ne mai tudu a tsakiya da rami kewaye, choricera. A ramin nan suadero da tripa da longaniza suke nutso cikin kitse guda har tsawon dare, a kan tudun kuma ake ɗumama tortiya bayan an tsoma ta a man. Saboda haka suadero na irin wannan kasko ba namu ba ne. Campechano ma haka, gaurayen naman sa ne da longaniza, wani lokaci har da chicharrón. Papa kuma, dankali, sau da yawa da chorizo ake haɗa shi.

Abin da ya fi kwantar da hankali ta fuskar haɗuwa da alade shi ne shagon da abu ɗaya yake sayarwa. Masu tacos de cabeza turara kan sa suke yi a kan faranti mai huji-huji, a ƙarƙashin leda ko ƙyalle, tortiyar ma a tururin ake ɗumama ta, babu suya. Ka zaɓi maciza idan tsoka zalla kake so, cachete idan kana son mai laushi da ɗan kitse, surtida idan a haɗa maka kowane sashe. Sai masu gashi a kan gawayi, al carbón, salon Sonora, inda mai ke ɗiga cikin wuta maimakon ya taru.

Biyan kuɗi a nan ya bambanta da Amurka. Ci ake fara yi, a tsaye, a farantin roba da aka sa wa leda. Kana gama biyu ka ƙara biyu, a ƙarshe a tambaye ka nawa ka ci, ka faɗa, ka biya. Amana ce, a riƙe lissafi da kyau. Kuma a wannan birni quesadilla, tortiyar da a wasu wurare ake ninkewa da cuku a ciki, ba lallai ta zo da cuku ba, sai ka ce con queso.

Yaya Babba, San Diego

Gyara ɗaya ga masu gudu zuwa kifi. Takon kifi salon garin Ensenada ana tsoma kifin cikin kwaɓin fulawa kafin a soya, kuma kwaɓin nan da yawa da giya ake dama shi. Wasu tsofaffin shaguna ma da manteca suke soyawa. Ka tambayi lleva cerveza, ko ka ce a la plancha a gasa maka shi ba kwaɓi. Naman asada ma wasu kan jiƙa shi da giya da lemun tsami, kuma duk miyar yajin da aka rubuta wa borracha, barasa ce a ciki. Wanda ba ya son nama gaba ɗaya ya nemi nopales, ganyen wani tsiro mai ƙaya da ake kankarewa a gasa, yana da ɗan yauƙi da tsami, ko rajas con queso, gasasshen koren tattasan poblano da cuku.

Anti Mai Girki, Dallas

Batun yaji, ƙanena, kada launi ya yaudare ka. Koriyar salsa, wato miyar yajin da ake zubawa a tako, da tomatillo ake yi, wani koren ɗan uwan tumatir, da barkonon serrano ko jalapeño, ja kuma da busasshen barkono, árbol ko guajillo. A wani shago koriyar ce mai sauƙi, a na kusa da shi ita ce mai wuta. A ma'aunin zafin barkono na Scoville jalapeño yana tsakanin 2,500 da 8,000, árbol 15,000 zuwa 30,000, habanero kuwa 100,000 zuwa 350,000. Habanero ɗan gida ɗaya ne da attaruhunmu, kuma yawanci a ɓoye yake cikin jar albasa da aka jiƙa da lemun tsami, siraran yanka masu launin lemo. Akwai wata koriya mai kauri da santsi, mutum ya ɗauka fiya ce ya lafta. Sau da yawa jalapeño ne zalla da aka markaɗa da mai har ya yi kauri.

Ka ɗiga ɗigo ɗaya a gefen faranti ka ɗanɗana. Tsarin da ke fito da daɗin nama shi ne matsa lemun tsami tukuna, sannan ƙaramin cokali guda na salsa a tsawon takon. Fiye da haka tortiya ta jiƙe ta yage. Idan bakinka ya kama, ruwa ba ya kashe shi, don sinadarin zafin ba ya narkewa a ruwa. Abu mai madara ko cuku ko ɓallin tortiya ne ke taimakawa. Silantro kuma wasu mutane ɗanɗanon sabulu suke ji a cikinsa, halitta ce. In kana cikinsu ka ce sin cilantro.

Abin sha zai ba ka mamaki. A cikin manyan tulunan gilashi da ke kan kanta, jan nan da ake kira jamaica zoborodo ne, kuma Meksiko na cikin manyan masu sayen zoborodon da ake nomawa a Jigawa da Kano da Katsina. Nasu ruwa ne da sukari kawai, ba citta ba kanumfari. Tamarindo tsamiya ce. Farin kuma horchata, a Meksiko da shinkafa da kirfa ake yi, wasu su ƙara madara, amma a Valencia ta Sifen da aya ake yin ta. Ita ce ta fi kashe zafin barkono.

Sabon Ɗalibi, Houston

Na gode ƙwarai iyayena. Tambaya biyu suka rage. Me ya sa ake jera tortiya biyu a tako ɗaya, kuma guda nawa ke ƙosar da mutum?

Hajiya Maman Sadik, Chicago

Tortiyar masara ba ta da danƙon alkama, romo na taɓa ta take tsagewa, shi ya sa ake ninka ta. Idan naman ya yi yawa, ka zare ta biyun ka kwashe wanda ya zube, ka samu ƙarin tako. Faɗinta bai wuce tafin hannu ba, loma uku ta ƙare. Uku zuwa huɗu suna isar yawancin mutane, amma kada ka yi odar duka lokaci guda, don da ta huce take bushewa ta karye. Ka kama ta da yatsu uku daga sama, ka ɗan ɗaga bayanta, ka karkatar da kanka maimakon takon.

Ingancin shago a tortiya ake gane shi. Ta ƙwarai ana dafa masara da ruwan cal, wata farar ƙasa ta girki, kimanin kashi 1 cikin 100 na nauyin masarar, a bar ta ta kwana a ciki, a wanke, a niƙa. Wannan ne ke sa ƙullin ya haɗu, ya kuma saki sinadarin niyasin da jiki ke buƙata. Idan ka ga mace a gefe tana matsa ƙulli tana ɗorawa a kasko, tortiyar tana kumbura kamar gurasa a tanderu, ka samu wuri. Wadda ta zo da sanyi, gefenta yana farfashewa, ba a ɗumama ta yadda ya kamata ba, ka nemi a sake.

In za ka tafi da shi gida, ka ce a sa salsa da albasa daban. Tururi na taruwa cikin takardar alminiyam, kafin ka isa ƙasan ya zama dambu.

Malam Liman, Bronx

Ɗana, abu ɗaya ya rage wanda tambayar kitse ba ta warware shi: yanka. Naman sa da kazar shagon unguwa daga mahautar gama-gari suke zuwa. Malamai sun saɓa kan hukuncin irin wannan nama a ƙasashen Ahlul Kitabi, don haka ka zauna da malamin da kake bi, ka tsaya kan abin da zuciyarka ta natsu da shi. A Houston da Dallas da nan New York akwai masu tako na halal, wasu har al pastor suke yi da kaza ko sa. Ka tambayi jama'ar masallacinku, kuma ka duba ko duka kicin ɗin ne halal ko nama ɗaya kawai.

In ka samu na halal mai birria ko barbacoa, ka fara da su. Birria daga Jalisco ta fito, da akuya ake yin ta asali, salon Tijuana kuma da sa, a dafa da busasshen barkono har naman ya saki, a ba ka romon a kofi. Barbacoa a jihar Hidalgo rago ne da ake naɗewa da ganyen maguey, wani tsiro mai faffaɗan ganye mai kauri, a binne a rami mai garwashi ya kwana, a Texas kuwa galibi kuncin sa ne. Shaguna da yawa Asabar da Lahadi kawai suke yin su, da nauyi ake sayarwa tare da tortiya da albasa, kuma kafin azahar tukunya ta ƙare. Menudo da ake sayarwa a ranakun farfesun tumbin sa ne, amma wasu kan jefa ƙafar alade don romon ya yi kauri, pozole kuma, farfesun masara, galibi da alade ake yi. Waɗannan biyun a tambaya kafin a zuba.