Me za mu kira kuɗin karɓo lasisin tuƙi da aka dakatar?

1/ 'Yan'uwa masu aikin fassara, ku kawo ɗauki. Ina kan wani labari daga Amurka sai na ci karo da "reinstatement fee". A can, idan hukuma ta dakatar da lasisin tuƙin mutum, ko da ya gama zaman kaso ya biya tara, sai ya sake biyan wani kuɗi kafin a sakar masa lasisin. Masu fafutuka na neman a ɗauke wa waɗanda suka fito suka kama aiki wannan kuɗin, muddin laifinsu bai kai ga taɓa lafiyar kowa ba.

2/ Wani ya ce "kuɗin sabunta lasisi". A'a Malam. Sabuntawa ta lasin da wa'adinsa ya ƙare ce, irin wadda muke yi bayan shekara 3 ko 5. Wannan bai mutu ba, riƙe shi aka yi. "Tara" ma ba ta shiga, tunda an riga an biya ta.

3/ Wata Hajiya ta kawo "kuɗin fansar lasisi". Wallahi ya burge ni, Hajiya, don abin ya yi kama da jingina. Sai dai yau duk Bahaushen da ya ji "kuɗin fansa" daji zuciyarsa za ta tafi, wajen masu garkuwa da mutane. Ba zan ɗora wa mai karatu wannan ba.

4/ Na tsaya a kan "kuɗin maido da lasisi". Direba a tasha zai gane shi ba sai an yi masa bayani ba. Gwaji: "A 2019 jihar Bajiniya ta daina dakatar da lasisi saboda bashin kotu, ta kuma ɗauke wa mutane dala 145 na kuɗin maido da lasisi." Ya zauna.

5/ Ku lura na ce "ɗauke wa", kamar yadda ake ɗauke wa ɗalibai kuɗin makaranta. Afuwa mai laifi ake yi wa, shi kuwa wannan ya riga ya biya nasa.

6/ Don Allah kada a kira waɗannan da suka fito daga kurkuku "tubabbu", 'yan bindiga sun cinye kalmar. Mutumin da ke sammako zuwa wurin aiki a garin da motar haya ba ta isa ko'ina, yana tsoron a kama shi yana tuƙi ba lasi a mayar da shi kurkuku, "wanda ya kammala hukuncinsa" zan rubuta, ko da ya yi tsawo.