Neman shawara: MX-5 mai na'urar hana santsi, ko wadda babu?

Mai neman shawara, daga Kubwa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara shida ina jan Corolla, yanzu Allah ya hore, ina so in sayi 'yar ƙaramar motar marmari, Mazda MX-5, mai kujera biyu da rufin da ake naɗewa. Na samu guda biyu a hannun dillalai, duka daga Amurka aka shigo da su, duka giyar hannu. Ɗaya ƙirar 2007 ce, fes take, amma ba ta da tirakshan kwanturol, wato na'urar nan da ke hana taya wulwulawa a kan santsi. Ɗayar 2012 ce, tana da ita, sai dai ratar kuɗin da ke tsakaninsu za ta saya mini tayoyi huɗu sababbi har in samu canji mai kauri. Dillalin ta 2007 ya ce wai injin lita 2 ne kawai, ina ya ga ƙarfin da zai sa taya ta zame, na'urar ta manyan motoci ce. Kullum da ita zan riƙa zuwa aiki daga Kubwa zuwa Wuse, rani da damina. Ta cancanci kuɗin, ko ƙyale-ƙyale ne?

Bakanike a Apo:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, dillali cinikinsa yake nema, kar ka ga laifinsa, amma kar ka hau maganarsa. Corollarka tayoyin gaba ke ja, injin yana zaune a kansu yana danne su. In ka cika totur a kwana, gaban ne zai buɗe, ka ɗaga ƙafa ta dawo hanya da kanta. MX-5 tayoyin baya ke ja, kuma ba ta da nauyi, kilo 1,100 da ɗoriya. Ƙarfin doki 160 da 'yan kai a jiki irin wannan ya isa ya sa baya ya fita a giya ta biyu in ƙasa ta jiƙe. In baya ya fita kuwa, hannun da ya saba da Corolla bai san abin yi ba.

Aikin na'urar ba wani siddabaru ba ne. Sensocin ABS, wato na'urar da ke hana birki kulle taya, da ke kowace taya su ne idonta. Da ta ga tayar baya tana gudu fiye da na gaba, sai ta rage wa injin wuta, in ta kama ta ɗan taɓa birkin wannan tayar ita kaɗai. Kafin ka gane abin da ke faruwa ta gama, sai dai ka ga fitila tana ƙyaftawa a dashbod.

Mai tsohuwar BMW:
Oga, da girmamawa, ni ban yarda ba. Tun 1989 ake ƙera MX-5, samfurin farko ko ABS ba duka ke da shi ba, balle wannan, kuma mutane sun tuƙa lafiya. Daɗin motar ai shi ne ka ji ta a ƙugunka. Ɗan'uwa, ɗauki ta 2007, ka zuba rarar kuɗin a taya mai kyau, ka nemi fili babu kowa ranar da aka yi ruwa ka koyi yadda baya ke fita da yadda ake tare shi da sitiyari. Na'ura ba ta ƙara wa taya kamun ƙasa. Taya in ta suɗe, ko kwamfutar jirgin sama ka sa ba ta da abin yi.

'Yar'uwarku a Jos:
Malam mai BMW, maganar taya gaskiyarka ce, amma ta fili daban. A fili ka san zamewar na tafe, kana jiranta. Ni ranar da ta same ni ban jira komai ba. Motar maigidana ce na ɗauka, mai jan baya, babu na'urar. Ruwan farko na shekara, yayyafi ma ne, irin wanda ke taso da baƙin mai da ƙurar da suka kwanta a kwalta duk rani. Ina fita daga shataletale, gudun bai fi na mai keke mai sauri ba, na taka totur kamar kullum. Sai na ga shagon da ke damana ya dawo gabana, sai na ga motocin da ke bina muna kallon juna. Injin ya mutu. Wani mai Keke Napep ya tsaya dab da ƙofata yana ta salati. Ko ƙwarzane babu, alhamdulillahi, amma sai da na yi minti biyar ƙafata tana rawa a kan kuloci. Tayoyin nan ba su kai wata huɗu ba.

Injiniya, daga Zariya:
Allah ya ƙara tsarewa, Hajiya. Akwai abin da ake haɗawa a nan da ya kamata a raba. Hana wulwulawar taya abu ɗaya ne, daidaita mota abu ne daban. Na farkon yana aiki ne kawai in ƙafarka na kan totur. In ka shiga kwana da gudu, ka tsorata ka ɗaga ƙafa farat ɗaya, nauyi ya koma gaba, baya ya yi sakayau ya fara juyawa, wannan ba ruwan tirakshan kwanturol da shi, domin ba totur ya jawo ba. Mai kama wannan ita ce na'urar daidaitawa. Tana duba inda ka karkata sitiyari, tana duba inda motar ta nufa a zahiri, in suka saɓa sai ta taka birkin taya ɗaya ta miƙar da ita. Mazda da BMW suna kiranta DSC, Toyota VSC, Honda VSA, Mercedes ESP. Bosch da Mercedes suka fara fito da ita a 1995.

Kai kuma mai neman shawara, abin da ya shafe ka shi ne, a MX-5 ta wannan zamanin biyun tare suke zuwa. Ba kuɗin abu ɗaya kake biya ba. Kuma dalilin da ya sa ta 2012 take da ita ta 2007 babu shi ne doka: a Amurka, daga ƙirar 2012 kowace ƙaramar mota sabuwa dole ta zo da na'urar daidaitawa, kafin nan a MX-5 sai wanda ya ƙara kuɗi. Turai ma ta wajabta wa duk sabuwar mota daga Nuwamba 2014. Ko Honda S2000, da masu son gudu ke yabo, a 2006 aka sa mata VSA.

Mai tsohuwar BMW:
Injiniya, to in ina son wasa da ita fa?

Injiniya, daga Zariya:
Akwai maɓallin DSC OFF kusa da sitiyari. Mai ita zai iya kashewa ranar da ya so. Marar ita ba shi da abin kunnawa ranar da ya buƙata, kuma ɗora ta daga baya sai an canza famfon ABS da wayoyi da sensoci, aikin da bai biya ba.

Mai rewaya:
Yallaɓai, ni ta wani gefe zan zo. A ce mota tana da ita daban, a ce tana aiki daban. Na sha buɗe dashbod in tarar an liƙa baƙin salatif a bayan fitilar ABS, ko an kashe ƙwan gaba ɗaya, don kar mai saye ya gani. Sensa ɗaya ta mutu, ABS da tirakshan da DSC duk sun kwanta tare. Ka murɗa makulli ba tare da ka tayar ba. Fitilar ABS da ta 'yar motar nan mai zanen santsi a ƙarƙashinta dole su kama, bayan 'yan daƙiƙu su mutu. Wadda ba ta kama ba tun farko ita ce abin tsoro.

In kuma ka ga fitilar DSC OFF tana ƙyaftawa, kar ka gudu tukuna. Motocin nan in an cire batir haka suke yi, kuma motar da ta daɗe a ajiye a wurin dillali da wuya ba a cire mata ba. Ka tayar, ka juya sitiyari har ƙarshe dama, ka juya har ƙarshe hagu. In ta mutu, lafiya lau. In ta ƙi, a sa mata kwamfuta.

Tsohon direban dogon zango:
Ɗana, abu biyu. In ka kafe a yashi ko taɓo, kashe na'urar, in ba haka ba kana taka totur tana rage wuta, nan za ku kwana. Ka fita ka mayar. Sannan kar ka bar falkanaiza ya haɗa maka taya mai girma daban a baya, na'urar za ta ɗauka zamewa kake tana ta taɓa birki. Ni ma abin da ya fi damuna da motar nan ƙasa-ƙasa ce, ka auna ta da kwalbatin ƙofar gidanku kafin ka biya.

Mai neman shawara, daga Kubwa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na koma wajen ta 2012 da yamma. Fitilun sun kama sun mutu yadda Malam mai rewaya ya ce. Matsalar tayoyin ne, biyun baya ba kamfani ɗaya ba ne, kuma in na biya kuɗin motar sai ƙarshen wata mai zuwa zan iya canza su. Kwalbatin kuwa ta haye da ƙyar, a karkace.

Bakanike a Apo:
Duba gefen kowace taya, bayan rubutun DOT akwai lamba huɗu a ƙarshe. Biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2318, mako na 23 ne na 2018. Ka ɗauki hoton duka huɗun ka nuna wa dillalin, da su za ka nemi ragi. In ya rage, ka sa sababbi biyu a baya nan take, na gaba su jira albashi. Kawo ta ranar Asabar da safe kafin ka ba da ko sisi, in ɗaga ta in duba wayoyin sensa, mu sa mata kwamfuta. In dillalin ya ce ba za ta fita daga wurinsa ba, kira ni in zo da kayana.