Tattaunawar ma'aikata da masu ɗaukar aiki a Tarayyar Turai

Ɗan Zazzau: Assalamu alaikum. Ta yaya ƙungiyoyin ƙwadago da na masu ɗaukar ma'aikata suke cimma matsaya ɗaya a Turai, alhali kowace ƙasa tana da dokarta?

Uwar Marayu: Wa'alaikumus salam, malam. A 1998 Hukumar Tarayyar Turai ta buɗe ƙofar kafa kwamitocin tattaunawa na sana'a-sana'a, waɗanda yanzu sun haura 40. Misalin da ya fi burge ni shi ne na asibitoci: a 2009 ƙungiyoyin EPSU (ta ma'aikata) da HOSPEEM (ta masu ɗaukar aiki a asibitoci) suka amince da matakan kare ma'aikatan jinya daga sukar allura, har da hana mayar da murfi a kan allurar da aka riga aka yi amfani da ita, kuma a 2010 yarjejeniyar ta zama doka.

Bakatsine: Gaskiya ne, Hajiya, amma ba kullum ake dacewa ba. Yarjejeniyar masu gyaran gashi ta 2012 kan lafiyarsu ba ta zama doka ba, domin Hukumar ta ƙi miƙa ta gaba, abin da nake gani rashin adalci ne ga masu wuni hannu cikin sinadarai.