Neman shawara: wai "chop" yanka ne ko ci ne?

Maman Hanifa, Agege:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah a taimaka min. Ƙanwata ce ta zo daga Katsina, mun samo mata aikin girki a wani gida a Lekki, madam ɗin da Turanci take mata magana, wani lokacin kuma ta rubuta a takarda ta manna a jikin firij. To ni dai a Legas ɗin nan chop ci na sani, amma yarinya ta ce ana miƙo mata ɗanyar albasa a ce chop, sannan ga wasu slice da dice duk sun rikita ta kuma kunyar tambaya take ji. Ya zan yi mata bayani?

Hajiya Mai Abinci:
Wa alaikumus salam Maman Hanifa. Duka biyun haka ne. A ainihin Turanci chop daddatsawa ne, kamar yadda kike yayyanka albasar miya ba ruwanki da gutsuren su zo daidai. Slice shi ne siriri-siriri, irin albasar da masu tsire na Obalende suke zubawa a gefen nama. Dice kuma ƙanana masu kusurwa huɗu, girmansu ɗaya, kamar karas ɗin firai rais, nan ne madam za ta fi sa ido don shi ake gani a faranti. In an ce finely chopped to ta yanka ƙanana sosai ya kusa zama jajjage, amma da wuƙa ba turmi ba.

Ɗan Mile 12:
Aunty wannan chop na ci ɗin Turancin buroka ne ai, come chop zo mu ci. Ta lura da abin da aka ba ta kawai, in ɗanye ne ga wuƙa ga katako to yanka ake nufi, ba mai ce mata ta cinye attarugu 😂 Chop money ma kuɗin cefane ne, amma in aka ce wane ya chop money to fa ya ci kuɗin mutane.

Maman Hanifa:
Kai ɗan nan 😂 to small chops fa? jiya ta ce an yi odarsa.

Ɗan Mile 12:
Su fanke da samosa da sifirin rol ne, kayan taɓa ka lashe na biki.

Malam na Idi-Araba:
Hajiya ki ƙara mata wannan don ya fi sauran muhimmanci. Chop sunan yankan nama ne kuma, mai ƙashin haƙarƙari a jiki. Lamb chop na ɗan tunkiya ne, pork chop kuwa alade ne, ana sayar da shi a manyan kantuna a leda a jere da sauran nama. Ta riƙa duba rubutun jikin ledar, kuma ta faɗa wa matar gidan tun yanzu cikin ladabi cewa ba ta dafa shi.

Hajiya Mai Abinci:
Gaskiya ne Malam. Kuma ki ce ta daina jin kunya, ta yanka kaɗan ta nuna wa madam ta ce like this? kafin ta gama da kwano guda. Ki turo min ita ran Lahadi in ta samu hutu, ta zo da albasa na nuna mata da hannu.