Wata huɗu ina fama, zoben kafrolakton ya ƙi buɗewa

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a taimaka min, ko barci ba na iya yi. Ina digiri na biyu, aikina kwaikwayo ne a kwamfuta na yadda enzayim ɗin CALB (wani furotin mai hanzarta haɗuwar sinadarai) ke buɗe zoben kafrolakton (wani sinadari mai siffar zobe) ya saƙa sarƙar polima, wato doguwar sarƙa irin ta robobi. Da farko laktayid, wani sinadarin mai zobe, na zaɓa, malamina ya ce CALB bai cika karɓarsa ba, na sauya. Sai kwamfutata ta lalace, wata guda ya tafi a banza, ga kare aikin gaban masu jarrabawa saura mako 6. Na sa tsarin 1TCA (lambar fasalin CALB a rumbun bayanan furotin) a manhajar kwaikwayo ta GROMACS, nanosakan 200. Kafrolakton yana zuwa dab da Ser105, ɓangaren enzayim ɗin da ke buɗe zoben, ya tsaya yana kai-komo, shi ke nan. Ina na kuskure?

Tsohon hannu: Wa'alaikumus salam. Ƙanwata, ko shekara kika bar shi ba zai buɗe ba. A lissafin MD na gama-gari, wato kwaikwayon motsin atom irin wanda kika yi, ɗaurin da ke tsakanin atom kamar roba yake, ya miƙe ya dawo, ba ya tsinkewa. QM/MM kike buƙata, wato haɗa lissafi iri biyu: Ser105, His224, Asp187 (sassan enzayim ɗin uku da ke yin aikin) da kafrolakton a lissafin kwantam, wanda ke iya nuna tsinkewar ɗauri, sauran furotin a bar su yadda suke. Masana Warshel da Levitt ne suka buɗe wannan hanya a 1976. 

Wata 'yar uwa: A cikin me kika jiƙa shi? A ɗakin gwaji toluwin (wani sinadari mai narkarwa) ake yawan sa wa Novozym 435, wato CALB na kasuwa, zafi wajen digiri 70 na Selsiyas. Ruwa in ya yi yawa, gutsure sarƙar yake yi.

Mai tambaya: Ruwa ne, Yaya. Amma malamina ya gani bai hana ba.

Ɗan bincike: Malam, mako 6 fa ta ce. Ni QM/MM ta cinye min shekara, kullum aikina na layi a babbar kwamfutar makarantarmu, ba mai kulawa. Ki auna tazarar Ser105 da kabon ɗin kabonil (kabon mai ɗaure da oksijin a zoben), ki duba ko Thr40 da Gln106, wasu sassan enzayim ɗin, sun riƙe oksijin ɗin, ki rubuta kan wannan.

Tsohon hannu: Wannan zama ne kawai za ta nuna, ba aikin enzayim ba. Masu jarrabawa za su tambaye ta shingen makamashi, wato yawan makamashin da ake buƙata kafin zoben ya buɗe.

Mai tambaya: Na gode, amma nanosakan 200 ɗin nan da ƙyar na same su, ba zan iya zubar da su ba. In na ɗaga zafin zuwa digiri 70 a ruwan fa?